Likitocin Yara da Aiki da Hujjar Bincike: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake nufi da aiki da hujjar bincike?

Likita ya haɗa abu uku kafin ya yanke shawara: sakamakon bincike mafi inganci, gogewarsa a aiki, sai kuma halin yaron da abin da iyayensa suka fi so. Tsarin ya yi suna ne daga Jami'ar McMaster ta Kanada a farkon shekarun 1990, a hannun su Gordon Guyatt da David Sackett. A 1993 aka kafa ƙungiyar Cochrane, mai tattara bincike daban-daban a kan magani guda ta tace su.

Gogewar likita kaɗai ba ta isa ba?

Ba ta isa ba. An daɗe ana koya wa likitoci cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya kwantar, jininsa ba ya zagayawa sosai, a gaggauta ƙara masa ruwa mai yawa ta jijiya. Abin yana da ma'ana, kuma likita kan ga jikin yaron ya ɗan farfaɗo a gabansa. Sai aka yi binciken FEAST a Kenya da Uganda da Tanzaniya kan yara sama da 3,000, aka wallafa shi a 2011. Cikin awa 48, kusan kashi 10 da rabi cikin 100 na waɗanda aka yi wa ƙarin ruwan gaggawa suka rasu, a sauran kuwa kashi 7 da ɗan ɗoriya. Babu likita guda, komai ƙwarewarsa, da zai gano wannan daga gadajen ɗakinsa. Sai an ƙirga dubbai.

To, likitocin yara sun san wannan tsari?

Galibi sun sani, kuma sun yarda da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne karanta takardar binciken. Yara nawa aka gwada? An raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a? Wa ya ɗauki nauyin kuɗin? Wanda bai samu horo a lissafin ƙididdiga ba yakan karanta taƙaitaccen bayanin sama ya tsaya nan, kuma a ganina nan ne raunin ya fi yawa.

Me kuma ke kawo cikas?

Lokaci. Likitan da ke da layin marasa lafiya a bakin ƙofa ba shi da sukunin karatu. Mujallu da yawa ma sai da kuɗi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin Hinari a 2002 domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu karanta mujallun kyauta ko da rahusa. Akwai kuma nauyin baki: ƙaramin likita ba ya son musa wa babbansa, ko da ya karanta sabon sakamako.

Wata matsalar ta yara ce kaɗai. Magunguna da yawa a kan manya aka gwada su, sai likita ya rage awo gwargwadon nauyin yaro, alhali hanta da ƙodar jariri ba sa sarrafa magani kamar na babba. Wannan giɓin ne ya sa Amurka ta yi doka a 2003, Tarayyar Turai a 2007, suna tilasta wa kamfanoni gwajin sababbin magunguna a kan yara.

Iyaye fa?

Suna da hannu. Mura ƙwayar cutar bairos ce ke kawo ta, maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta. Amma uwa ta kwana ba barci, ta ce, "Likita, ko allura ba za a yi masa ba?" Rubuta maganin minti ɗaya ne, bayanin dalilin ƙin rubutawa kuwa yana iya cin minti goma, kuma likita da yawa kan zaɓi na farko.