Delta (kalma)

Delta ita ce kalmar da Turanci ke kiran ƙasar da kogi ya tara a bakinsa. Idan kogi ya kusa faɗawa teku ko tafki sai gudunsa ya ragu, ya sauke laka da yashin da ya kwaso tun daga nesa, ya rarrabu rassa-rassa kamar yatsun hannu.

Asali

Tun farko sunan harafi ne, na huɗu a jerin baƙaƙen Girkanci, wanda ake rubuta babbansa Δ, mai kusurwa uku. Girkawa ma aro shi suka yi daga Finikiyawa, mutanen dā na gaɓar Lebanon ta yau, masu kiransa dalet, wato ƙofa. Dal ɗin da almajiri ke rubutawa a allo tushensu ɗaya.

Bakin kogin Nilu ne ya fara samun sunan. Daga ɗan arewa da Alƙahira kogin yana buɗewa, yana ta faɗi har gaɓar Bahar Rum, sai ƙasar da ke tsakanin rassansa ta fito da siffar harafin nan. Marubutan dā sun ƙirga rassa 7, amma yau manyan 2 ne suka rage, na Rashid da na Dumyaɗ. Hirodotus, marubucin tarihi na Girka, ya yi amfani da sunan a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya sa ake yawan cewa shi ya ƙirƙiro shi. Wasu masana ba su yarda ba, sun ce a bakin mutanensa ya tarar da shi.

A wancan zamani sunan wuri ɗaya ne tak a Masar, kamar yadda Kwara take sunan kogi ɗaya. Haka Turanci ya karɓe shi wajen ƙarni na 16. Ana jin sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 ya zama sunan kowane bakin kogi irin wannan.

Amfani a yau

Siffar ba ta zama dole ba yanzu. Na kogin Misisipi a Amurka ya fi kama da sawun tsuntsu, na Okabango a Botswana kuwa bai ma kai teku ba, a hamadar Kalahari ruwansa ke ƙarewa. Kwara tana da biyu: ɗaya a tsakiyar Mali wajen Mopti, ɗaya a kudancin Najeriya. Daga na biyun aka samo sunan Neja-Delta da na Jihar Delta, wadda aka ƙirƙira a 1991.