Mene ne Polisakarid, Kalmar da Ke Jikin Kwalaben Ƙara Garkuwar Jiki?

Ɗebo miyar kuɓewa da ludayi ka ɗaga sama, ka ga yadda take zarewa kafin ta tsinke. Wannan yauƙin polisakarid ne. Haka ma ƙaron da ke tsatsowa daga jikin dakwara ya daskare kamar gilashi, wanda Sudan ta yi fice da shi a duniya, kuma ake tsinta a Yobe da Borno da Jigawa. Sitacin rogo da na dawa ma danginsu ne.

Kalmar daga Girkanci ta samo asali: "poli" na nufin yawa, "sakar" kuwa sukari. Wato ƙananan ƙwayoyin sukari ne da suka sarƙe da juna suka yi dogon layi, ɗaruruwa ko dubbai. Shi ya sa ba su da zaƙi a baki. Wasu jiki na narkar da su ya samu ƙarfi, kamar sitaci. Wasu kuma ba ya iya narkarwa, sai su wuce babban hanji, ƙwayoyin bakteriya masu amfani su ci.

To, ina batun garkuwar jiki ya shigo? Wasu daga cikin waɗannan sarƙoƙi, musamman wanda ake kira beta-gulukan da ke cikin alkamar oat da sha'ir da naman kaza, siffarsu ta yi kama da bangon wasu ƙwayoyin cuta. Fararen ƙwayoyin jini, masu gadin jiki, suna da wani mazauni a fatarsu da ke gane wannan siffa. Da sun taɓa ta sai su zabura kamar maharbin da ya ji motsi a dawa. Daga nan ne ake cewa yana yaƙar ciwon daji, amma ba polisakarid ɗin ne ke kashe ƙarin da ciwon ke haifarwa da kansa ba. Masu gadin yake tashi daga barci.

Japan ce ta fi nisa a wannan fage. A 1969 wani masanin kimiyya na ƙasar, Goro Chihara, da abokan aikinsa suka fitar da wani beta-gulukan mai suna lentinan daga naman kazan shitake, suka ga yana danne ƙari a jikin ɓeraye. A 1985 aka amince da shi a matsayin allurar da ake haɗawa da kemoterafi, wato maganin asibiti na kashe ƙwayoyin daji, ga masu sankarar ciki. Ka lura da kalmar "haɗawa". Kuma naman kaza ba tsiro ba ne a ilimin halitta, don haka wannan sakamakon bai hau kan kowane ganye ba. Na tsirrai kuwa, irin su saiwar astiragalus ta ƙasar Sin, yawancin gwajinsu bai wuce ɗakin gwaji da ɓeraye ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar kalmar a buga a jikin kwalba, a sayar wa mai ƙari a mama da tsadar gaske. Na ga wata 'yar uwa ta daina zuwa asibiti wata huɗu tana shan wani garin da aka ce yana "narkar da daji". Da ta koma, ƙarin ya riga ya kai hammata. A jikin kwalbar ba a rubuta ko wane irin polisakarid ne ba, balle yawansa, kuma abin da aka sha ta baki ba ya isa jini yadda allura ke isa.