Zafin rana ne ke sa faifan sola ya ba da wuta?

A Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, an daɗe ana cewa faifan sola ya fi ba da wuta idan rana ta ƙwalle a watan Afrilu, wai zafi ne abincinsa. Ba abin mamaki ba ne, tunda haske da zafi tare suke zuwa mana.

Amma haske ne ke yin aikin. Idan ya sauka kan silikon da ke cikin faifan, sai ya zaburar da ƙwayoyin lantarki su bi waya. Zafi kuwa rage ƙarfin yake yi. A digiri 25 ake auna faifai a masana'anta, kuma duk digirin da ya ƙaru yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfin wutar. Wanda aka manne da kwanon rufi yakan haura digiri 60 da azahar, shi ya sa ake ɗaga shi kaɗan iska ta ratsa ƙarƙashinsa.

Ku gwada da kanku: ku rufe faifan da buhu da tsakar rana. Zafinsa na nan, amma lambar da ke kan na'urar caji za ta faɗi nan take.

Don Allah ku tura wa 'yan'uwa masu shirin haɗa sola.