Jan tirela mai nauyi da tsohuwar mota mai fowil: amsar tambayoyin da ake ta maimaitawa

Tambayoyin nan ba sa canzawa, kullum su ne dai. Ga amsarsu wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Injina lafiyarsa lau, ke nan motata za ta ja tan uku?

Za ta ja, amma za ta tsayar? Buɗe littafin motar, ka kuma duba farantin da ke jikinta da na jikin ƙarfen ja, wato ƙarfen bayan mota da ake maƙala tirela. Akwai iyakar nauyin tirela mai birki, da ta marar birki, da iyakar abin da zai danne ƙwallon ja (inda bakin tirela ke zama), da iyakar mota da tirela a haɗe. Lambar da ta fi ƙanƙanta ita ce taka. Kuma lokacin da motar take sabuwa aka rubuta su, saboda haka kada ka kai ta maƙura.

Dole ne tirelar ta kasance da nata birkin?

Dole. A Birtaniya da Ostireliya da ƙasashe da dama, tirelar da ta haura kilo 750 da kayanta ba ta hawa titi ba birki. Ko doka ba ta hana ka ba, birkin motarka ba don nauyin motoci biyu aka ƙera shi ba.

In saka fowil a kan kwalta don ƙarin ƙarfi?

A'a, in dai motarka irin wadda ake saka wa fowil da hannu ce. Tana kulle gaba da baya su juya tare, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi yin nisa. A yashi ko taɓo taya tana zamewa ta sauke wannan takura, a busasshiyar kwalta kuwa ƙarafan ciki ne ke sha. Mai fowil na dindindin ba ruwanta da wannan, muddin ba ka kulle tsakiya ba, wato makullin da ke haɗa gaba da baya.

Yaushe rabonka da canza man birki?

Wannan ni ke tambaya, tunda ba wanda ke kawo ta. Man birki yana shan danshi daga iska. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa ma'auninsa 155 ne kawai. A dogon gangare, da tan biyu na tura ka ta baya, man ya tafasa, ka taka birki ƙafarka ta nutse har ƙasa. Canza shi duk shekara biyu, a duba robobin tiyon ko sun tsage. Kuma gangare da giya ake saukarsa: giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka.

Da na ɗaura tirela bayan motar ya zauna, gabanta ya ɗaga. In ƙara sifirin?

To, a nan sai an bi a hankali, don amsar ta danganta da abin da ya jawo zaman. Kada ka sayi komai sai ka auna nauyin da ke kan ƙwallo. Abin da aka fi bi shi ne kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta, a Turai ana yin ƙasa da haka kaɗan, a Amurka ana kaiwa 15. Tirela mai kilo 2,000 ke nan wajen kilo 200, in motarka ta yarda da hakan. Wata tsohuwar motar iyakarta ba ta kai nan ba, sai ka rage tirelar.

Kilo 200 ɗin kuma ba 200 ba ne a wurin tayoyin baya, domin ƙwallon yana can bayansu. A ce tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 2.8 ne, daga na baya zuwa ƙwallo mita 1.2. Tayoyin baya za su ɗauki ƙarin kilo 286, na gaba su rasa 86. Shi ya sa sitiyari ke yin sako-sako a hannu, fitilunka suna haska idon mai zuwa. Sifirin mai ƙarfi zai ɗaga bayan motar ta yi kyan gani, amma ba zai mayar da kilo 86 ɗin nan gaba ba, ba kuma zai ƙara wa motar iyakar lodinta ba. In tsoffin sifirin ne suka gaji, wato ko ba tirela motar a zaune take, to canza su tare da shokozoba, wannan gyara ne. In kuwa lodi ne ya yi yawa, sauke shi.

Akwai ƙarfen ja mai sanduna da ke raba nauyi ya mayar da wani gaba. Yana aiki, sai dai yana murɗa shasi da ƙarfi, wasu kamfanonin ma sun hana amfani da shi a motocinsu. Ban yarda a ɗaura shi ba sai an shiga ƙarƙashin motar da guduma da tocila. Ƙwanƙwasa shasin daidai inda ƙarfen ja ya kama: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓawon tsatsa na zubo maka a fuska. In haka ka gani, maganar ja ta ƙare sai an gyara. Kuma ina roƙonka, kada ka magance zaman ta hanyar tura kaya can bayan tirela. Kusan kashi 60 na kayan gaban tayoyinta ya kamata su zauna. Tirelar da gabanta ya yi sauƙi ita ce ke rawa a kan gudu.

In ta fara rawar fa?

Kwantar da hankalinka, ana fita. Ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka bi ta da murɗawa, kada ka daddage birki. In tirelar na da birkin lantarki, matsa madanninsa da hannu ita kaɗai ta ja baya. Masu cewa a ƙara wuta, kada ka saurare su. In ta lafa, tsaya ka gyara lodin.

Otomatik tana jure ja?

Tana jurewa in man giyarta bai yi zafi ba. Kashe giyar sama idan ka ji tana ta hawa da sauka, a sa mata ƙarin na'urar sanyaya mai. Man da ya yi baƙi yana warin ƙuna ya gama aiki.

Allurar zafi tana hawa a kan tudu.

Sauko da giya, kashe AC, kunna hita har ƙarshe. In ba ta sauka ba, faka. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan zai yi maka tsiri a fuska. Daga baya a duba toshewar lagireto da kulocin fanka.

Tayoyin tirelar ba su cinye ba, sai na canza?

Duba lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan DOT a gefen tayar: 2317 na nufin mako na 23 a 2017. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun kafin ta cinye. In ta haura shekara shida ko gefenta ya tsattsage, cire ta. A sa wa boris giris, a gitta sarƙoƙi biyun da ke haɗa tirela da mota a ƙarƙashin bakin tirela, bayan tafiyar kilomita 50 a tsaya a sake ɗaure notocin taya, a taɓa cibiyar kowace taya a ji ko ta ɗau zafi.