Ɗaura sinki a ƙarƙashin kantar kicin ta laminet

Sinkin ƙarƙashin kanta shi ne kwamin wanke-wanken da ake maƙalawa daga ƙasan kantar kicin, ta yadda leɓensa ba ya hawa saman kantar. Mai aiki kan share ruwa da ɓurɓushin abinci kai tsaye cikin kwamin ba tare da wani tudu ya tare su ba. A kan kantar dutse, irin su mabul da giranait, wannan aiki ba shi da wata matsala, domin gefen ramin da aka yanke shi ma dutse ne. A kan kantar laminet kuwa lamarin ya bambanta, har kafintoci da yawa sukan ce ba ya yiwuwa. Yana yiwuwa, amma da sharaɗi guda: kada ruwa ya taɓa haɗuwa da katakon da ke cikin kantar.

Abin da ke cikin kantar

Laminet fata ce siririya, kaurinta bai cika wuce milimita 0.7 zuwa 1.2 ba. Ana yin ta da takardu masu ƙarfi da aka jiƙa da rezin (wani irin ƙaro na roba mai ƙamewa ya yi tauri) na finol, a ɗora takarda mai ado da aka jiƙa da melamin a sama, sannan a danne su da zafi da matsi mai tsanani. Masu sana'a da yawa suna kiranta fomaika, daga sunan kamfanin Formica da aka kafa a Amurka a 1913. Fuskarta ba ta shan ruwa. Amma ita wannan fata ba ta tsayuwa ita kaɗai, manna ta ake yi a kan allon dusar katako, wato ɓarɓashin itace da aka cakuɗa da gam aka matse. Kaurin kantar gaba ɗaya yakan kai milimita 28 zuwa 40, kusan duka allon dusar ne.

Shi allon dusa, da zarar ya sha ruwa sai ya kumbura, kuma ko ya bushe ba ya komawa yadda yake. Ɓarɓashin ya riga ya saki juna. Abin da ake fara gani shi ne ɗan tudu a bakin ramin, a shafa da yatsa a ji ya taso. Daga nan laminet ɗin ya ɗaga, baƙin layi na fumfuna ya bayyana, kusoshin da ke riƙe da sinkin su fara sakewa saboda naman da suka kama ya zama gari. Akwai allon da ake sayarwa a matsayin mai jure danshi, sau da yawa mai launin kore a ciki. Yana jinkirta ɓarnar ne kawai, ba ya hana ta.

Sinkin da ake zurawa daga sama ya tsira daga wannan ne saboda leɓensa yana rufe yankan kamar hula. Idan aka mayar da sinkin ƙasa, yankan ya zama bangon kwamin, wurin da ruwa ke fantsama kullum.

Hanyar da ba ta ɗorewa

Dabarar da ta fi zuwa wa mutane a rai ita ce a yanke rami a kantar da aka riga aka gama, a shafe gefen da silikon ko fenti ko efoksi (gam na rezin mai ƙamewa da tauri), wani lokaci a manna siririn laminet a zagaye, sannan a ɗaure sinkin daga ƙasa. Ranar farko aikin yana da kyau. Matsalar tana layin da fatar sama ta haɗu da ta gefe. Wannan layi yana shan bugun tukwane, ruwan zafi da na sanyi suna sa shi buɗewa da tsukewa, kuma tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba ta ishi ruwa shiga. Masu ƙera kantar galibi suna janye garantinsu idan aka yi haka. Bai kamata a ba kowa shawarar bin wannan hanya a kicin da ake girki kullum ba.

Manna laminet a jikin sinkin kansa

Hanyar da ta fi inganci ta juya tunanin gaba ɗaya. Maimakon a yi ta ƙoƙarin kare gefen katako, sai a sa leɓen sinkin ya hau har daidai da fuskar allon, a shimfiɗa laminet a kan su biyun, a manna shi a jikin leɓen da gam marar shan ruwa. Ruwan da ya gangaro daga kanta zai bar laminet ya faɗa sinki, babu katako a tsakani. Wannan yana buƙatar sinkin da aka ƙera don haka: na akirilik, ko na garin dutse da rezin, ko na ƙarfen da ba ya tsatsa wanda aka zuba masa leɓen rezin mai faɗi. Kamfanin Karran na daga cikin waɗanda aka sani da irin waɗannan. Dalilin leɓen rezin shi ne ana iya goge shi ya daidaita da allo, kuma gam yana kama shi sosai, abin da siririn leɓen ƙarfe mai lanƙwasa ba ya bayarwa.

Ana yin aikin ne kafin a manna laminet. A bar allo da laminet a ɗaki ɗaya na kamar awa 48 domin danshinsu ya daidaita. A kife sinkin a kan allon, a zana kewayen leɓensa, a yanke ramin ya ɗara zanen da milimita 2 ko 3. A bar aƙalla milimita 50 na allo tsakanin ramin da gaban kantar, a baya kuma a bar wurin da zai ɗauki famfo.

Sai a zura sinkin cikin ramin, a tallafe shi daga ƙasa da sandunan katako da aka ɗaure da sukuru da gam, leɓen ya ɗara fuskar allon da abin da bai kai milimita 1 ba. Gara ya ɗan fito a goge shi da ya nutse, domin leɓen da ya nutse yakan bar rami a ƙarƙashin laminet, nan ne fatar za ta tsage ranar da aka dangwarar da tukunya mai nauyi. Gibin da ke tsakanin leɓe da allo a cike shi da bodi fila irin ta masu gyaran jikin mota, a tura ta sosai har ƙasa. Idan ta ƙame, a bi da injin samfefa mai bel har leɓe da fila da allo su zama shimfiɗa ɗaya. A nan ido ba ya isa. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a gicciye, a haska fitila daga baya, duk inda haske ya ɓullo ta ƙasa akwai sauran aiki.

Gam iri biyu ake amfani da su, kuma ba a yarda su haɗu. Na farko gam ɗin fomaika ne da aka saba, wanda ake shafawa a fuska biyu a bar shi ya sha iska na minti 15 zuwa 20. Shi ne na allo. Kafin a shafa shi, a rufe leɓen sinkin da salatif na takarda, a rufe kuma wurin da zai hau leɓen a bayan laminet ɗin. Na biyu gam ne mai haɗi biyu na akirilik, irin wanda ake haɗa kantocin roba da shi, yana zuwa cikin tagwayen bututu da bakin da ke gauraya su. Shi ne na leɓe. A ɓare salatif, a goge leɓen da bayan laminet da sifirit, a zuba gam ɗin zagaye biyu ba tare da yankewa ba. Duk wurin da layin gam ya katse, ƙofa ce aka bar wa ruwa. A zaɓi launin gam da ya yi kusa da na sinkin, domin siririn layinsa zai fito bayan yanka.

Gam mai haɗi biyu ba ya jira, cikin 'yan mintoci yake fara kamawa, don haka a shirya komai kafin a matsa shi. A shimfiɗa laminet a kan siraran sanduna, a zare su ɗaya bayan ɗaya, a bi da rola a kan allo. A kan leɓen kuwa kada a danna da rola da ƙarfi, gam zai tsere ya bar wurin a bushe. A ɗora guntun allo mai faɗi a kan wurin sinkin, a aza masa nauyi matsakaici, a bar shi minti 45 zuwa awa 1, ko fiye idan ana sanyi.

Bayan nan sai a huda laminet a tsakiyar kwamin, a zura bakin rawuta, wato injin sassaƙa da datse gefe, bakin mai ƙaramar taya a ƙasa, tayar tana bin bangon sinkin, wuƙar tana yanke fatar. Ana fara cire mafi yawan fatar da miƙaƙƙen baki, sannan a gama da baki mai karkata wanda ke fitar da gefe mai gangara. Tayar roba ta fi ta ƙarfe, domin ba ta barin zane a jikin sinkin. A ƙarasa da magagari mai laushi da samfefa mai lamba 220 zuwa sama, ana turawa ƙasa kawai. Idan aka ja magagari sama, yakan ɓalle fuskar adon ya bar farin tabo da ba ya gyaruwa.

Idan kantar ta riga ta zo da laminet a manne, kamar masu lanƙwasasshen gaba da ake yi a masana'anta, ana iya kife ta a sassaƙe allon daga baya har a iso bayan fatar, a kankare tsohon gam, a manna sinkin, a cike kewaye da rezin. Aiki ne na injin da kwamfuta ke sarrafawa ko na hannun da ya ƙware, domin kuskuren rabin milimita ya isa ya huda fuskar.

Zobe da laminet mai ƙarfi

Wanda ke son sinkin ƙarfe na yau da kullum yana da wata mafita. Ana sassaƙa kwari a zagayen wurin ramin daga bayan kantar, a cika shi da efoksi, ko a dasa zoben roba mai tauri. Bayan ya ƙame, galibi awa 24, sai a yanke ramin ta tsakiyar zoben. Gefen da ido ke gani ya zama rezin, sinkin kuma a manne shi a ƙasan zoben da silikon da maƙalai.

Akwai kuma laminet mai ƙarfi, wanda duk kaurinsa, kimanin milimita 12, takarda ce da rezin, babu allon dusa a ciki. Ruwa ba ya kumbura shi, don haka ana yanke rami a goge gefen kamar na dutse, har a sassaƙa masa kwarin tsane kwanuka. Launin cikinsa, baƙi ko fari ko toka, shi zai bayyana a bakin ramin. Ya fi tsada, yana cin wuƙar inji, kuma saboda sirantarsa doguwar sukuru takan ɓullo ta sama. Ana amfani da gajerun mazaunan sukuru na tagulla ko maƙalan da ake mannawa da gam. A irin wannan kanta an fi son bakinta ya ɗan leƙo cikin kwamin da kamar milimita 3, ya ɓoye layin silikon.

Nauyi, famfo da kusurwa

Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Kwami mai tsawon santimita 50, faɗin 40 da zurfin 20 yana ɗaukar lita 40, wato kilo 40 kafin a lissafa tukwane da nauyin sinkin kansa. Gam da ke tsakanin fata da leɓe aikinsa tare ruwa ne, ba ɗaukar kaya ba. Dole nauyin ya sauka a kan sanduna ko ƙarafan da aka ɗaure a bangon kabad ɗin da ke ƙasa. Sinkin da ya sauka ko da milimita 1 ne zai ja laminet ya tsaga shi.

Ramin famfo shi ne wurin da aiki mai kyau ya fi lalacewa. Faɗinsa galibi milimita 35 ne, kuma idan ya ratsa allon dusa, an sake buɗe ƙofar da aka sha wahalar rufewa. Mafi kyau a zaɓi sinkin da leɓensa na baya ke da faɗin da ramin zai bi ta cikinsa. In ba haka ba, a shafe cikin ramin da efoksi sau biyu, a sa silikon a ƙarƙashin gindin famfon, a ɗaure shi ta yadda ba zai yi girgiɗi ba. Famfo mai motsi yana murƙushe silikon a hankali, ɗigon da ke bin gindinsa kuma ba a ganinsa sai kanta ta kumbura.

Kusurwar rami kada ta zama mai kaifi. Laminet yana miƙewa yana tsukewa da sauyin danshi, kuma tsaga daga kusurwa mai kaifi take farawa. A zagaye ta da lanƙwasar da ba ta gaza milimita 6 ba. Mahaɗar kanta biyu ma a nisanta ta daga ramin, kada ta faɗo a bakin sinki. Idan injin wanke kwanuka na maƙwabtaka da sinkin, a manna takardar alminiyom a ƙasan kantar saboda tururi.

Kafin a fara amfani, a bar silikon ya yi awa 24. Sannan a toshe magudanar, a cika kwamin, a watsa ruwa a bakin ramin ta kowane gefe, a shiga ƙarƙashi da fitila da busasshiyar takarda ana dannawa a kewayen leɓen. Takardar da ta fito da laima ta nuna inda gam ya katse, kuma a gyara wurin kafin a haɗa bututun magudanar. A kullum kuma, a guji ɗora tukunyar da aka sauke daga wuta a bakin sinkin, domin zafin yana sassauta gam ɗin fomaika, kuma kada a kankare layin mahaɗar da wuƙa ko soson ƙarfe. Idan allon ya riga ya kumbura, ƙarin silikon ba ya maganinsa, sai dai a sauya wannan ɓangaren kantar.