Shayin ulong mai ƙarin ƙamshi

Ulong wani nau'in ganyen shayi ne da ya samo asali daga lardin Fujian a kudu maso gabashin ƙasar Sin. Daga itace ɗaya ake samun sa da koren shayi da baƙin shayi, wato itacen da masana tsirrai ke kira Camellia sinensis. Abin da ya raba ukun shi ne yadda ake sarrafa ganyen bayan an tsinko shi. Koren shayi ana hana shi rinewa tun da wuri, baƙin shayi ana barin sa ya rine sarai, ulong kuwa yana tsakani. A harshen Sinanci sunan na nufin "baƙin dodo". Wanda ake kira mai ƙarin ƙamshi shi ne wanda aka turara da furanni, ko aka cuɗa da 'ya'yan itace, saiwa ko man ƙamshi bayan an gama sarrafa shi. A Abuja da Jos ya fi zuwa cikin gwangwani ko 'yan jakunkunan tsomawa a manyan kantuna, sai kuma tsarabar 'yan kasuwa da ɗaliban da ke dawowa daga Sin.

Inda ake noma shi

Yankuna huɗu ne suka yi suna. A arewacin Fujian akwai duwatsun Wuyi, waɗanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Shayin can yana fitowa a tsakankanin duwatsu, ana gasa shi sosai, kuma daga nan ne nau'o'in ulong masu suna Da Hong Pao da Rou Gui suka fito. A kudancin lardin akwai gundumar Anxi, gidan Tieguanyin, wanda ake murɗe ganyensa ya zama 'yan ƙwallaye kamar ƙwayar wake. Lardin Guangdong na da Dancong na dutsen Fenghuang. Na huɗun shi ne tsibirin Taiwan, inda baƙi daga Fujian suka kai irin a ƙarni na 19. Wani ɗan kasuwar Birtaniya, John Dodd, ya aika da shayin tsibirin zuwa New York a 1869, daga nan sunan "Formosa", wato tsohon sunan da Turawa ke kiran Taiwan da shi, ya bi ulong zuwa kasuwannin Yamma.

A Nijeriya ana noman shayi a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba, amma baƙin shayi aka fi sanin wurin da shi. Ulong ɗin da ke kantunan Abuja shigo da shi ake yi.

Yadda ganye ke samun ƙamshinsa

Duk wanda ya taɓa fere dankalin Turawa na Filato ya bar shi a iska, ko ya gutsuri goro ya ajiye ragowar, ya ga yadda wurin yankan ke sauya launi. Aikin wani sinadari ne a cikin tsiron da ke haɗa ruwan jikinsa da iskar oksijin. Wannan rinewar ce mai sarrafa ulong yake sarrafawa, kuma gwanintarsa duka tana cikin sanin lokacin da zai tsayar da ita.

Ana tsinko ganye uku ko huɗu da suka ɗan ƙosa, ba toho mai laushi ba. A shanya su a rana su yi yaushi, a shigar da su ɗaki a baza a faya-fayan gora. Daga nan sai aikin da ya fi cin lokaci: ana girgiza ganyen a faifai ko a cikin ganga mai juyawa har gefensa ya ƙuje, a bar shi ya huta, a sake girgizawa, sau da yawa har tsakar dare. Gefen da ya ƙuje yana yin ja, tsakiya na nan kore. Ganyen da aka ji wa rauni a hankali yana fitar da sinadaran ƙamshi da babu su da yawa a ɗanyensa, irin su nerolidol da indol, kuma su ne ke ba da ƙamshin fure. Idan hancin gwani ya ce ya yi, sai a jefa ganyen cikin zafi mai ƙarfi don kashe sinadarin rinewar, a murɗa, a busar. Wasu ana gasa su a kan garwashin gawayi sa'o'i da yawa, har a maimaita bayan makonni.

Saboda haka ulong ba ɗanɗano ɗaya ba ne. Wanda bai rine sosai ba, kamar Baozhong ko Tieguanyin na zamani, ruwansa rawaya-rawaya ne mai haske, yana ƙamshin fure, ba shi da ɗaci sosai. Wanda aka gasa, ruwansa ya fi kusa da launin zuma, yana da garɗi irin na soyayyar gyaɗa da ɗan ƙauri mai daɗi. Dukansu suna da bauri kaɗan, irin wanda goro ke bari a baki amma bai kai shi ba, kuma bayan an haɗiye wani zaƙi-zaƙi yana dawowa a maƙogwaro. Masu shan shayi a Sin suna kiran wannan huigan, kuma da shi suke auna ingancin ganye.

Wani abin mamaki shi ne Dongfang Meiren na Taiwan. Manoma ba sa fesa masa maganin ƙwari, da gangan suke barin wani ɗan ƙwaro kore ya tsotsi ganyen. Itacen yana mayar da martani da sinadaran da ke sa shayin ƙamshin zuma da nunannun 'ya'yan itace. Haka Rou Gui, ma'anar sunansa kirfa, alhali ba a saka masa ko ɗigon kirfa ba. A nan ne mai saye ke ruɗewa: suna mai ambaton zuma, kirfa ko madara ba ya nuna cewa an ƙara wani abu, ba ya kuma nuna cewa ba a ƙara ba.

Hanyoyin ƙara ƙamshi

Busasshen ganyen shayi yana kama ƙamshi kamar yadda atamfa ke kama turaren wuta. Tsohuwar hanyar ta dogara da wannan hali. Ana shimfiɗa ganye, a bi shi da ɗanyun furanni, a sake shimfiɗa ganye, a bar su su kwana tare. Da safe a tankaɗe furen a fitar, a busar da shayin daga laimar da ya sha. Mai tsada ana maimaita masa wannan sau da dama da sabbin furanni. Furen osmantus, ƙanana masu ruwan zinariya da ke buɗewa a lokacin kaka, shi ya fi dacewa da ulong, kuma sau da yawa akan bar busassunsa a ciki. Ana kuma amfani da yasmin, wanda ke buɗewa da dare, da furen gardeniya da na wani babban lemo da ake kira pomelo.

Hanya ta biyu ita ce cuɗawa da busassun abubuwa: ɓawon lemo, gutsattsarin 'ya'yan itace, furen wardi, kwakwa. Akwai kuma ulong mai ginseng, wata saiwar magani ta Asiya, wanda ake lulluɓe ƙwallayen ganyen da garin saiwar, galibi haɗe da saiwar likoris mai zaƙi, har su zama kamar ƙananan tsakuwoyi kore-kore.

Ta uku, wadda ta fi yawa a kasuwa a yau, ita ce fesa wa ganyen man ƙamshi, ko na asali ko na haɗin masana'anta. Mafi yawan ulong mai ƙamshin ɗan itacen fiic (peach), mangwaro ko fanila ta wannan hanyar aka yi shi, ko da an ga gutsattsarin 'ya'yan itace a ciki, don sau da yawa ado ne kawai. Ba laifi ba ne idan an rubuta a jikin kwali, sai dai yana iya rufe aibin ganye marar kyau.

Labarin "ulong mai madara" ya isa misali. Cibiyar binciken shayi ta Taiwan ta fitar da wani iri mai suna Jin Xuan, mai lamba 12, a 1981. Ganyensa yana da wani santsi da ɗan ƙamshin kindirmo marar tsami, na halitta, mai rauni ƙwarai. Da ya karɓu, sai 'yan kasuwa suka shiga fesa wa wasu ganyayen ƙamshin madara suna sayarwa da sunan. Zancen da ake yi cewa ana ba itacen madara a gona ko ana turara ganyen da tururinta tallar kasuwa ce. Gwajin mai sauƙi ne: idan an buɗe gwangwani ƙamshin ya cika ɗaki kamar alawar madara, kuma ya gudu bayan jiƙo na biyu, fesawa aka yi. Ƙamshin halitta ba ya ihu a bushe, kuma yana daɗewa har jiƙo na biyar.

Jiƙawa

Wanda ya saba da teburin mai shayi, inda ganye ke kwana yana tafasa a butar ƙarfe kafin a haɗa shi da madara da sukari, zai yi asarar kuɗinsa idan ya yi wa ulong haka. Ba a tafasa shi a wuta. Ruwan zafi ake zuba masa. Mai haske yana son ruwa tsakanin digiri 85 da 95, gasasshe kuwa yana son wanda ya tafasa yanzu. Mazauna Jos suna da wata 'yar sa'a a nan: garin yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, saboda haka ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, wanda ya dace da kusan kowane ulong. Sai dai a sanyin hunturu ya kamata a ɗauraye buta da kofi da ruwan zafi tukuna, in ba haka ba kwano mai sanyi zai shanye zafin kafin ganye ya buɗe.

Ga kofi ɗaya babba, giram 2 zuwa 3 na ganye da minti 2 zuwa 3 sun wadatar. Salon Fujian da birnin Chaozhou na lardin Guangdong, wanda ake kira gongfu, yana cika 'yar ƙaramar buta da ganye, a jiƙa na daƙiƙa 20 zuwa 30, a raba a ƙananan kofuna, a sake zuba ruwa har sau shida ko fiye. Masu zaman shayin Buzaye, mai zagaye uku a ƙananan kofunan gilashi, ba za su ga baƙon abu a tsarin zaman ba, sai dai a nan babu sukari babu kumfa.

Amfani ga lafiya

Abin da ke da tasiri a jiki yana cikin ganyen ne: kafeyin, da tiyanin, da dangin sinadaran folifenol, da fuloraid. Furen da aka turara da shi ko man da aka fesa kusan ba ya ƙara komai sai daɗi.

Kofi ɗaya na ulong yana ɗauke da kafeyin wajen miligiram 30 zuwa 50, wato kimanin rabi ko ƙasa da rabin abin da ke cikin kofin gahawa da aka saba. Shi ne sinadarin da ke sa goro ya kori barci, kuma tasirinsa wajen wartsakar da hankali tabbatacce ne. Tiyanin, wanda aka gano a ganyen shayi a Japan a 1949, ana danganta shi da natsuwa, shi ya sa masu sha ke cewa shayi ba ya sa su rawar jiki kamar gahawa.

Batun rage ƙiba shi ne aka fi tallata ulong da shi, kuma a nan ne ake wuce gona da iri. Wani bincike na Jami'ar Tsukuba a Japan, da aka wallafa a 2020, ya bi maza 12 tsawon kwana 14, ya ga ƙona kitse a jikinsu ya ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100, amma jimillar kuzarin da jiki ke kashewa ba ta sauya ba. Mutum goma sha biyu a mako biyu ba hujjar cewa tumbi zai sauka ba ce. Haka binciken da ya bi dubban masu shan shayi a Asiya ya sha nuna ƙarancin ciwon zuciya da shanyewar jiki a tsakaninsu, sai dai irin wannan bincike yana nuna tafiya tare ne kawai, ba ya tabbatar da cewa shayin ne dalili. Ulong ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko na ciwon sukari.

Amfanin da ba shi da gardama ya fi waɗannan sauƙi. Ulong mai ƙamshi yana shaye ba tare da sukari ba, don hanci yana yaudarar harshe ya ji kamar akwai zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da ake samu daga abincin yini, wato wajen ƙananan cokula 12 ga baligi. Kofi biyu na shayi mai kauri na iya cinye rabin wannan kafin azahar.

Abubuwan kiyayewa

Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta sanya miligiram 400 na kafeyin a rana a matsayin iyakar da ba ta da haɗari ga baligi mai lafiya, da miligiram 200 ga mai juna biyu. Lissafin ya haɗa da goro da lemon kwalba mai kafeyin. Kafeyin yana ɗaukar kimanin sa'o'i biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka mai wahalar barci ya tsaya daga la'asar.

Sinadaran baurin shayi suna rage yadda hanji ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga wake, alayyafo da hatsi. Masu ƙarancin jini da masu ciki su bar tazarar aƙalla sa'a ɗaya tsakanin abinci da shayi. A 2016 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shan abin da zafinsa ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansar maƙogwaro. Laifin na zafin ne, ba na ganyen ba.

A cikin kayan ƙari, biyu ne ke bukatar lura. Likoris idan aka yawaita shi yana ɗaga hawan jini ya rage fotasiyam, ginseng kuma yana iya karo da maganin tsinka jini irin su warfarin. Akwai kuma kwalayen "shayin rage ƙiba" da ke ɗauke da sunan ulong alhali an haɗa su da filasko. Abin da mai sha ke gani a ma'auni ruwan da gudawa ta fitar ne. Karanta jerin abubuwan da aka haɗa da duba lambar NAFDAC a jikin kwali yana raba mutum da yawancin waɗannan.

Ajiya

Halin da ya sa ganyen ke karɓar ƙamshin fure shi ne ke sa ya karɓi na daddawa, kananzir da sabulu idan aka ajiye su kusa. Gwangwani mai rufewa ruf, nesa da rana da murhu, shi ne wurinsa. Gasasshen ulong yana jure shekara biyu ko fiye. Mai haske da wanda aka fesa wa ƙamshi suna sanyi cikin watanni, kuma a laimar damina ta Abuja, daga Yuni zuwa Satumba, gwangwanin da ake yawan buɗewa bai cika kaiwa ƙarshen damina da ƙamshinsa ba.