Waiwaye: Sarki Dawuda da Alkawarin da Aka Yi wa Gidansa

Dawuda ɗan Yesse autan gidansu ne, yana kiwon tumaki a Baitalami lokacin da annabi Sama'ila, alƙalin ƙarshe na Isra'ila, ya zuba masa mai a ka, alamar cewa sarauta za ta bar gidan Saul, sarkin Isra'ila na farko. Bisa labarin Littafi Mai Tsarki, sunansa ya fito ne a kwarin Ila, inda ya kayar da Goliyat Bafilisten da majajjawa, amma farin jinin da ya samu ya jawo masa hassadar Saul, har ya yi shekaru yana gudun hijira a jeji. A wani kogo a En-gedi ya sami damar kashe Saul, sai ya yanke gefen rigarsa kawai, domin ba ya son taɓa wanda Ubangiji ya keɓe.

Bayan rasuwar Saul ya yi mulki shekara 7 da wata 6 a Hebron, sannan ya ƙwace Urushalima daga hannun Yebusiyawa wajen shekara ta 1000 kafin haihuwar Almasihu, ya ƙara shekara 33 a can. Zaɓen wannan birni dabara ce babba, domin bai kasance mallakar kabilun arewa ko na kudu ba. Can ya kawo Akwatin Alkawari, akwati mai tsarki da ke ɗauke da allunan Dokoki Goma, can kuma annabi Natan ya shaida masa cewa ɗansa ne zai gina Haikali, amma gidansa da gadon sarautarsa za su kafu har abada.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda marubutan suka ƙi rufa wa gwarzonsu asiri. Sun rubuta cewa ya ɗauki Batsheba matar Uriya Bahitte, sojansa mai aminci, ya kuma ba Uriya wasiƙar da ke ɗauke da umarnin halaka shi, ya kai wa Yowab, shugaban sojojin Dawuda, da hannunsa. Natan ya tunkare shi da misalin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta talaka, sarkin ya amsa laifinsa, kuma Zabura ta 51 ana danganta ta da wannan tuba. Daga nan gidan bai sake samun kwanciyar hankali ba, har ɗansa Absalom ya yi masa tawaye, Dawuda ya fita daga birnin yana hawan Dutsen Zaitun ba takalmi, yana kuka. Malaman Musulunci, waɗanda ke girmama shi a matsayin Annabi Dawud mai Zabura, galibinsu ba su yarda da labarin Batsheba ba, saboda ma'asumancin annabawa.

Ɗansa Sulemanu ya gina Haikali, masarautar ta rabu biyu bayansa, zuriyar Dawuda ta riƙe Yahuza, wato yankin kudu, kimanin shekara 400 har Babila ta rushe Urushalima a 586 kafin haihuwar Almasihu. Da gadon sarauta ya faɗi, sai alkawarin Natan ya koma begen Almasihu daga zuriyarsa, wanda Yahudawa masu riƙo da addini ke jira, Kirista kuma suka ce ya cika ga Yesu.

An daɗe ana gardama ko Dawuda ya taɓa rayuwa, sai a 1993 aka tono wani dutse a Tel Dan, arewacin Isra'ila, mai rubutun Aramiya na ƙarni na 9 kafin Almasihu, wanda ya ambaci gidan Dawuda. Masana sun koma muhawara kan girman mulkinsa: daula ce mai faɗi, ko ƙaramar sarauta a tsaunukan Yahuza.